Ranar da Baffa Ya Hau Dutse

Jiya ina share zaure na ci karo da sandar marigayi Baffa, ƙanin mahaifina, sai tafiyarmu gandun daji ta faɗo mini a rai.

Baffa manomi ne a ƙauyenmu na wajen Bici, inda gona ke manne da gona. Duk inda ya sauka sai ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sunsuna. Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ya roƙe ni in kai shi dajin nan mai duwatsu na kudancin Kano, wanda aka hana noma da sara a cikinsa.

Mun isa da hantsi, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Ganye na ɗiga, ƙorama na gudu. Ya ce sai ya hau dutse. Muna cikin hawa numfashinsa ya yi sama, na tsorata.

"Baffa, mu koma. In ka faɗi me zan gaya wa mutanen gida?"

"Ka ce na faɗi a wuri mai kyau," ya ce yana dariya. "Riƙe ni."

Da ƙyar muka kai. Ya daɗe yana kallon itatuwa, sannan ya tono baƙar ƙasa mai sanyi daga tsagin dutse, ya kai hanci.

"Wannan ba ta san fartanya ba."

Na zaci zai ƙulle ta a bakin riga. Sai ya mayar, ya danna da tafin hannu.

Daga wannan tafiya bai ƙara barin gida ba. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.