Ranar da Wuta Ta Kwashe Kayanta

A unguwar nan wutar lantarki mace ce, kuma kowa ya san halinta. In ta ɗauke na minti goma, sai a ce ta leƙa maƙwabta. In ta kwana biyu, ta tafi ganin gida. Ranar da rediyo ya ce wuta ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya, ba a kuma san ranar gyara ba, mai aski ya ajiye injinsa ya ce, "To, wannan karon ta kwashe kayanta."

Kowa ya yi dariya, ban da Uwar Tsaki. Shekara ashirin ta yi tana sharar ofis. Da ta ajiye aiki ta sayi injin ƙyanƙyasa, abin da ta dogara da shi ke nan. Ƙwai arba'in ne a ciki, saura kwana uku su fashe, in kuwa suka huce sun mutu. Ta taɓa injin ta ji ɗumi na raguwa.

Amma baiwar Allah nan ta daɗe tana korar kajin mutane daga shanyarta, ba maƙwabciyar da ba su yi cacar baki ba. Saboda haka ta san kowace kaza a layin, ta san biyar da suka daina fitowa, wato kwanci suke yi. Ta naɗe ƙwan a bargo cikin kwando, ta bi gida-gida tana cusa takwas-takwas a ƙarƙashinsu. Gida huɗu ba a yi mata musu ba. Kaza ta biyar ta matar mai walda ce, rabonsu da gaisuwa tun bara.

"Yaya, so nake kazarki ta kwanta mini."

"Wadda kika jefa da takalmi?"

"Ita fa. Ban kyauta ba, ki yi haƙuri."

Matar ta dube ta, ta dubi kwandon. "Shigo kafin su huce."

Rana ta uku, wuta ba labari, 'yan tsaki suka fara fitowa gida-gida. Huɗu kawai ta rasa. Matar mai walda da kanta ta kawo nata a bakin zani.

"Ga 'ya'yanki, duk takwas ɗin."

Uwar Tsaki ta zauna daɓas a tsakar gida, 'yan tsaki na hawa mata ƙafa.