Sabon Shiga a Guruf ɗin Masu Wankin Ƙoda

Benci ɗaya muke zaune, muna jiran likita. Dattijo ne, tabarau a karan hanci, filasta a hannu. Yanzu nas ta saka shi a guruf ɗin masu wankin ƙoda. Sai da ya gyara hula kafin ya yi sallama cikin waya, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, sannan ya jira izini.

Wayar tana ta ƙara: maraba Baba, sannu da zuwa.

Ya juyo wajena. "'Yata, wane ne maigidan a nan? Mutum tamanin, wa zan fara gaisarwa?"

Ina jin ya daɗe rabonsa da irin wannan tarba.

Nas tana kiransa, ko motsi bai yi ba.

"To yaya zan tashi ana cikin gaishe ni?"