Hukuncin da Na Yanke wa Akori-kurar Kawu

Kafaɗata ta dama ce ta kore ni daga bugun jikin mota, ba lalaci ba. A gareji na tashi, a Tudun Wada, bakin titin da ya bi ta Doguwa. Ni fanal-bita ne, wato mu ake kawo wa motar da ta lotse mu bi ta da guduma har ta dawo hayyacinta. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin kafaɗar ta fara yi min tawaye. Likita ya duba ya ce in na ci gaba da ɗaga guduma, nan gaba ko kabbarar salla sai dai in yi da hannu ɗaya. Raina ya ɓaci, na fita ko sallama ban yi masa ba. Amma washegari da safe sai da matata ta kama min hannun riga kafin na iya sa ta, sai na yarda da maganar likita.

To ina zan nufa? Noma ma ai kafaɗa yake so. Mota kawai na sani a duniya. Ana cikin haka na ji labarin wata jarrabawa da ake yi a Kano, ta masu kimanta ɓarnar mota. In an yi hatsari kai za a kira, ka duba, ka rubuta abin da za a gyara da abin da za a sauya da abin da aikin zai ci, masu inshora ko kotu su yi aiki da maganarka. Aikin ido da biro. Na ce wallahi ko ana ha maza ha mata sai na ci ta. Karatuna firamare ne, Turancina na sunayen kayan mota ne, amma ban damu ba.

Aka haɗa ni da wani dattijo a Bebeji, tsohon ma'aikacin duba motoci da ya yi ritaya. Malam nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai "mai guduma". Duk Asabar in hau mota zuwa Kwanar Dangora, in canja wata zuwa wurinsa. Mu gaisa, in tambayi iyali, ya tambayi kafaɗa, sannan ya ja ni wani fili da ake jibge motocin da suka yi hatsari, ciyawa ta fito ta cikin wasu.

Sunayen kaya da haɗa kimar aiki ba su ba ni wahala sosai ba, haddace su na yi kamar karatun allo. Abin da ya kusa kayar da ni daban ne. Duk abin da Malam ya nuna da sandarsa, bakina ya riga ƙwaƙwalwata.

"Wannan ƙofar fa?"

"Ai Malam wannan bugu kaɗan ne, a shafa fenti."

"Wannan ginshiƙin rufin?"

"A gasa shi da wuta, a ja."

Ranar nan ya soka sandar a ƙasa ya ce, "Kai mai guduma, ban tambaye ka ko za ka iya ba. Na san za ka iya, ku ai ko gwangwanin madara aka taka za ku mayar da shi mota. Tambayata ita ce, ya kamata a gyara?"

Na ji haushi, don gaskiya ce. A wurinmu abin kunya ne ka ce mota ba ta gyaruwa. Kana faɗa mai ita zai kai wa maƙwabcinka, kafin la'asar labari ya kai teburin mai shayi cewa hannunka ya mutu. Ban da haka ma, wa yake duban idon mutum ya ce masa dukiyarka ta ƙare? Sai dai mu ce "za a duba", ko "in Allah ya yarda za ta tashi". Da wannan aka raine ni, kuma shi Malam yake so ya kankare.

Ya koya min awon shasi, ƙarfen ƙasa da duk jikin mota yake zaune a kai. A ja igiya daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a sake ja daga ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba, shasi ya murɗe, komai kyan fenti. Ya koya min duban tazarar ƙofa, da ɗan yamutsin da yake fitowa a rufi nesa da inda aka bugu. Na zama kamar mai taɓin hankali a tasha, ina buɗe ƙofofin motocin mutane ina rufewa ina kasa kunne. Direbobi suna cewa, "Ga inshora nan ya zo, ku ɓoye motocinku."

Sai ga maganar Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, a Burumburum yake, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni gareji tun ban san dama da hagu ba. Yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kai masara da matan rugage masu tallan nono kasuwanni, Dangora, Badafi, duk inda take ci. Babu inda gudumata ba ta taɓa ba a jikin motar nan. Da damina shanu suka faɗo masa titi, ya kauce, ya daki kwalbati. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji mummunan rauni, nono ne dai ya yi wa kowa wanka. Aka jawo motar garejinmu.

Daga waje ba ta yi muni ba. Bamba ta lanƙwashe, fitila ɗaya ta fashe, bonet ya ɗan tashi. Kawu yana zaune a benci yana jan carbi, ya ce, "Ɗan nan, a yi mata abin da aka saba, kasuwa na jirana."

Na kwanta a ƙarƙashinta da igiyata. Na ja, na sake ja, don ina fata ni ne na yi kuskure. Ba kuskure. Shasi ya murɗe, kuma daidai inda akwatin sitiyari yake ɗaure ƙarfen ya tsage. Na daɗe a kwance ina kallon tsagar nan, "za a duba" tana kan harshena. Na ce wa kaina, in ka kasa faɗa a nan, me za ka je yi Kano? Na fito, na tsuguna a gabansa.

"Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Motar nan kada a gyara ta. A cire inji da abin da yake da amfani a sayar. In aka yi mata walda za ta tashi, amma wata rana sitiyari zai rabu da ita tana ɗauke da mutane."

Kawu ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ni za ka karanta wa boko? Ni na kawo ka nan kana majina. In kafaɗarka ce ta gaza, ka ce ta gaza, kada ka ɗora wa motata."

Maganar ta soke ni, har yau ina jin ta. Kawu ya sa aka tura motar garejin gaba. Ina kallo suka ɗaure ta da sarƙa a jikin tsamiya, suka gasa, suka ja da babbar mota, suka lafta walda. Cikin 'yan kwanaki ta koma hanya, har da sabon fenti. Wayyo, na sha tsiya! Duk wanda ya dawo daga kasuwa sai ya tsaya ya ce, "Mun ga gawar da ka yi wa salla, tana gaishe ka." Kawu kuwa ya daina amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta kira ni ta ce in je in ce masa kuskure na yi. Na ce, "Inna, zan ba shi haƙurin ɓacin rai ko sau nawa ne, amma ban yi kuskure ba."

Duk da haka zuciyata ta fara rawa. Na kai wa Malam ƙara. Bai yi dogon bayani ba, ya ce in hau babur in bi motar Kawu a baya. Na bi ta a hanyar Kiru. Tayoyin baya ba sa taka sawun na gaba, a karkace take tafiya kamar kare mai sauri. Na juyo gida na buɗe littafina na shirin jarrabawa.

Ranar jarrabawa muka yi ta rubutu da safe, da rana aka fito da mu fili, kowa aka ba shi mota. Tawa wata ƙaramar tasi ce, an ɗan dake ta ta gefen gaba. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake, aikin yini ɗaya ne a garejinmu. Na rufe ƙofar direba, na ji ba ta zauna daidai ba. Na ɗaga kai, ga yamutsi a rufi. Na kwanta a ƙasa da kayana masu kyau, na ja awo. Na tashi na rubuta cewa gyaranta ya fi ƙarfin kimarta, kuma ko an gyara ba amana. Mai jarrabawar ya karɓa, fuskarsa ba ta gaya min komai ba. Na koma gida ina tunanin ko na kashe mota mai rai, na kashe kaina tare da ita.

Na ci. Da na je Kano karɓo takardar shaida, a bakin ofishin na yi sujada, ban damu da masu kallo ba.

A hanyar dawowa na sauka Kwanar Dangora ina jiran motar Tudun Wada. Hadari ya haɗu, mota ta yi wuya. Sai ga akori-kurar ta tsaya a gabana, bayanta cike da mata da ƙore. Kawu ya leƙo. Rabon da ya yi min magana tun ranar garejin.

"An ce ka ci. Barka. Shigo gaba in kai ka, ruwa zai sauko."

Ya miƙa hannu ya buɗe min ƙofa da kansa. Na san me buɗe ƙofar nan yake nufi a wurinsa, kuma Allah ya sani ina so in shiga. Na tsuguna na gaishe shi, na yi godiya. Sannan na ce, "Kawu, ba zan hau ba. Kuma don Allah ka tafi a hankali, akwai mutane a bayanka."

Ya ɗan jima yana kallon titi. Ya ja ƙofar ya rufe, ya tayar. Na cusa takardar cikin riga don kada ta jiƙe, na tsaya ina kallon motar tana tafiya a karkace, ina roƙon Allah ya ƙaryata ni.