Mai Lamba Bakwai a Tashar Tawa

A tashar Tawa wata doguwa tana tsaye jikin motar Yamai, kanta ya kusa kai rufin. Ƙarƙashin hijabinta ana hango jar riga mai lamba bakwai, duk ta koɗe, yatsunta biyu kuma naɗe da filasta. 'Yar ƙwallon kwando ce da wata ƙungiyar babban birni ta aiko wa tikiti. A bakin direba nake jin haka, don yana ta ɗaga murya: "Raƙiya, shiga mana ɗiyata! Ba ke kika ce kin gaji da kwandon da maƙeri ya lanƙwasa ba?"

Ina zargin ita ta kafe sai ƙungiyarsu ta Tawa ta sake ta. To yanzu me ke riƙe ta, amana ko son a roƙe ta?

Sai ta miƙa hannu ta sauko da jakarta daga rufin motar.

"Baba, Asabar muna karawa da Ƙonni. Ni na koya ma 'yan ƙungiyarmu jifa, ba ni barin su su sha kashi. Yamai ta jira."