Terauchi da Kujerar Tsakiya

Sau ɗaya Terauchi ya taɓa yin faɗa da matarsa Fumie a kan kiɗa, kuma ya sha kaye tun kafin ya gama ɗaura ɗamara. Wani abokinsa ne ya hure masa kunne, wai firji na gurɓata wutar gida, shi ya sa muryar mawaƙiya ke fitowa daga lasifika kamar mai mura. Gogan naku bai yi wata-wata ba ya zare wayar firji, ya ɗora faifai, ya lumshe ido. Daɗi ya kwashe shi, ya manta bai mayar ba. Lokacin zafi ne. Washegari kifin da Fumie ta sayo ya cika gidan da wari, har kyanwar maƙwabta ta zo gaisuwa.

"Baban Emi, me ya sami firjin nan?"

"Ai da kin ji yadda fiyano ya fito jiya..."

"To madalla." Ta zuba masa farar shinkafa, ta kifa faifan a kan kwanon. "Ga mahaɗi nan. Ci da fiyano."

Ya ɗan kwana biyu yana cin shinkafa gaya, bai sake taɓa firji ba.

Direban bas ne a garin Kawagoe na ƙasar Japan har ya yi ritaya. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata, wa ma za ta kula shi da wannan wuyan kamar na zalɓe? Cutarsa ɗaya ce, lasifika. Ya shiga ƙungiyar masu sauraro, tarin tsofaffi masu furfura da ke zama su ji waƙa ɗaya har rana ta faɗi, sannan su yi gardama a kan wace wayar lasifika ce ta fi daɗin murya. A cikinsu aka gano Terauchi yana da baiwa. Idan waƙa ta ƙare zai ce mawaƙiya ta matso rabin taku, ko mai ganga yana can baya ta dama, gwiwar hannunsa na gogar bango. Sai kowa ya ji lallai haka ne. Shi ke rubuta abin da ya ji a 'yar mujallar ƙungiya bayan kowane baje kolin kayan sauti. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa ana ce masa "direba, tsaya nan" sai ga shi likitoci da lauyoyi na rusunawa suna kiransa Sensei, wato Malam.

Kuma shi ke zama a kujerar tsakiya. A kowane ɗakin sauraro kujera ɗaya ce tak sautin dama da na hagu ke haɗuwa a kanta daidai. Sauran kujerun na 'yan rakiya ne. In waƙa ta ƙare ba mai tari, ba mai motsi, sai na tsakiya ya buɗe baki.

A sanyin bara ya farka ya ji kunnensa na hagu kamar an cusa masa auduga. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce wannan kam ya tafi ke nan. Fumie kaɗai ta sani, ita kuma ta ce ba wani sabon abu, dama can ba jin ta yake ba. Amma ga mai kujerar tsakiya wannan mutuwar tsaye ce. Da kunne ɗaya babu dama babu hagu, duk makaɗa sai su cure wuri guda kamar fasinjojin safe. Sai ya sami dabara. Duk inda za shi yana riƙe da tsohon faifansa guda, wanda ya haddace kamar hanyar bas ɗinsa. A sa masa, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ya sani yana ciki. Haka ya ci gaba da rubutu, ba wanda ya ce uffan.

Sai ga baje kolin kaka a Tokyo, a otal ɗin da ake kwashe gadaje a jera lasifika ɗaki-ɗaki. 'Yan ƙungiya suka nufi ɗakin Hoshino, wani kafinta da ya koma ƙera lasifika. Tun safe Hoshino ke fama da su, ya matsar da wannan da faɗin yatsa, ya zare waya, ya mayar, ya sake matsarwa. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Sensei, ga wurinka," in ji shi, yana goge kujerar da hannun rigarsa.

Terauchi ya zauna. Sai ya ga Kanemaru ya zagayo ya zauna a hagunsa. Kanemaru tsohon likitan haƙori ne, mai kuɗi, mai son a san yana da su, kuma ya daɗe yana kallon kujerar nan kamar kura ta ga akuya a ɗaure. Kullum a dama yake zama. Yau me ya kawo shi hagu?

Ta wutsiyar ido Terauchi ya ga leɓen Kanemaru na motsi kusa da mataccen kunnen. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na manya.

"Au, ka yarda ke nan?" Kanemaru ya ɗaga murya yana murmushi.

"Kanemaru-san, a bari mu ji abin da ya kawo mu," in ji Terauchi.

Da me ya yarda? Bai sani ba. Ya miƙa faifan, Hoshino ya karɓa da hannu biyu, aka rage fitila, allura ta sauka.

Kayan Hoshino ba na wasa ba ne, wannan ko kunne ɗaya ya shaida. Fiyano ya shigo da nauyinsa, ana jin katakon jikinsa, ana jin mawaƙiya ta ja numfashi kafin ta buɗe baki. Ƙarfen ganga ya yi ƙara ya daɗe bai mutu ba. Da a da ne, da Terauchi ya yi ƙwalla. Yau kuwa hankalinsa ba ya kan kiɗan. Ya ɗan buɗe ido ya saci kallon mutane. Wani ya haɗe gira. Wani ya karkata kai yana kallon lasifikar hagu. Me suke ji da shi bai ji ba?

Waƙa ta ƙare. Ɗaki ya yi tsit, ana jira.

Da ya ce kayan sun yi kyau ya tsuke bakinsa, da an tashi lafiya. Amma harshen da ya saba da yabo ba ya jin linzami.

"Hoshino-san, ka yi aiki," ya fara. "Muryar ta tsaya cak a tsakiya, ba ta rawa. Fiyano na hagu, da faɗinsa. Mai ganga kuwa yana can baya ta dama, inda ya saba, har kana iya miƙa masa shayi."

Ba wanda ya ce "lallai". Wani ya sunkuyar da kai yana duban safarsa.

"Ta dama?" in ji Kanemaru, a hankali, kamar yana taɓa haƙori mai ciwo. "Ikon Allah. Mu nan ta hagu muka ji shi. Ko ya canza kujera ne bai gaya wa Sensei ba?"

Fuskar Hoshino ta yi fari fat. Ya ruga bayan na'ura, ya durƙusa, ya ɗago da wayoyi biyu a hannu. A garin zarewa da mayarwa ya sa ta dama a ramin hagu, ta hagu a ramin dama. Ya dinga rusunawa yana ba da haƙuri, amma ba wanda ke kallonsa. Duk idanu na kan kujerar tsakiya.

"Kuskuren waya ai ba komai, kowa na yi," in ji Kanemaru. "Ni abin da nake son sani, Sensei, da wane kunne ka saurara?"

Terauchi ya duba ƙofa. Tana da nisa, kuma tsofaffi sun cika hanya. Zai iya cewa gajiya ce, ko mura. Wasunsu ma za su karɓa don a rufa wa juna asiri. Amma Kanemaru zai sake zama a hagunsa a wata mai zuwa, da wanda ke biye.

Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Da na dama," ya ce. "Shi kaɗai ya rage. Na hagu ya mutu tun sanyin bara." Ya juya ga mai ɗakin. "Hoshino-san, kayanka na da kyau, wannan ban ƙara gishiri ba. Amma a nemo mai kunne biyu ya faɗa maka inda kowa ke tsaye." Ya matsa gefe, ya bar kujerar.

Ba wanda ya motsa ya hau ta. Da Kanemaru na da wayo, da ya yi shiru ya zame a kai. Amma wanda ya daɗe da yunwa ba ya iya cin abinci a hankali.

"Tun sanyin bara!" ya ce, yana juyawa don kowa ya ji. "Jama'a, kun ji fa! Shekara guda mutum na rubuta mana abin da bai ji ba, mu kuma muna karantawa. Wannan ai yaudara ce. Direba, ba ka ji kunya ba?"

Terauchi ya karɓi faifansa daga hannun Hoshino, ya zura shi cikin kwalinsa a nutse, sannan ya juyo da kunnen dama.

"Na ji, Kanemaru-san. Amma duk abin da na rubuta da kunne ɗaya a shekarar nan, kai ne na farkon bugo waya kana cewa haka ka ji kai ma. Ni dai likita ya duba nawa. Naka biyun wa zai duba?"