Kakata da Bahago

Ran nan ina tura 'yata a keken jarirai ta gefen wani fili a nan Manchester, sai na ji ƙwas, ƙarar sanda ta haɗu da ƙwallo. Wasu ɗalibai ne ke buga besbol, wasan da ba kasafai ake ganinsa a ƙasar nan ba. Na tsaya a bakin filin har yayyafi ya fara jiƙa mini mayafi. Ba wai na iya wasan ba ne, har yau ban gama gane kansa ba. Ƙarar ce kawai ta mayar da ni falonmu na Balsall Heath a Birmingham, ina 'yar firamare, zaune a ƙasa tsakanin kakata da mahaifina.

Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano a farkon sanyi, lokacin da Mama ta haifi ƙanena. Mahaifiyar Mama ta daɗe da rasuwa, shi ya sa Kaka ta ce ba za a yi jego babu babba ba, ko da a bangon duniya ne. Ta iso da daddawa da kuka da kanwa da turaren wuta, a makon farko kuwa ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta gaji da hawowa tambaya. Ɗan gidanmu na bene ya koma ƙamshin kunun kanwa da na jiƙaƙƙun riguna da ake shanyawa a kan hitar ɗumama ɗaki. Kafin in dawo daga makaranta gari ya yi duhu. Kaka kullum cikin mita take, wai azahar da la'asar da magariba a garin nan kamar ana korarsu, mutum bai naɗe sallaya ba an ce ya sake shimfiɗawa.

Ni da ita kuwa tun ranar farko muka sa zare. Hausata a lokacin guntu-guntu ce, ina ji amma in na buɗe baki sai in mayar da mace namiji. Ta sa mini suna Baturiya, ni kuma na ce ita ce ba ta san yadda ake buɗe kwalin madara ba. Da rana mu yi ta tsokanar juna, da dare kuma a gadonta nake kwana, don ita ce mai ɗumi.

Abu ɗaya ne ya dame ni game da ita. Baba ɗanta ne na fari. Kai da ka tashi a ƙasar Hausa ka san abin da hakan ke nufi, ni kuwa ban sani ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa ya gaishe ta da safe, sai ta amsa a taƙaice tana kallon taga. In tana son ya ci abinci, sai ta ce wa Mama mijinki bai ci ba, ko ta ce mini in je in kira wancan. A makaranta ina ganin iyaye suna rungume 'ya'yansu a bakin ƙofa, don haka na yanke hukunci cewa Kaka ba ta ƙaunar Baba, kuma abin ya ba ni haushi sosai. Da na tambayi Mama, sai ta yi dariya ta ce kunya ce ta ɗan fari, haka ake yi. Na ce wannan wace irin kunya ce, ta ce in je in yi aikin makarantata.

A wannan sanyin Baba ba ya cikin hayyacinsa. Likita ne a Kano kafin mu taho, amma a nan sai ya ci wata jarrabawa kafin a bar shi ya duba mara lafiya. Ya ci matakan farko, na ƙarshen ya kayar da shi, ya sake, ya sake kayar da shi. Dama ɗaya ta rage masa. Kafin nan yana aiki a gidan kula da tsofaffi, yana yi musu wanka da ba su abinci a baki. Na ji shi yana ce wa Mama ya haƙura, ba zai sake zama jarrabawar ba, kuma kada a gaya wa Hajiya, wato Kaka. A unguwarsu a Kano uwar likita ake ce mata, shi kuwa gani yake ya zubar mata da wannan sunan. Ya tattara littattafansa ya ɗora a saman kabad. Ya daina wasa da ni, ya rame, abinci sai ya taɓa ya ture.

In ya dawo daga aiki ranar Lahadi, sai ya zauna a kujera ya kunna talabijin bayan la'asar, ba don yana kallo ba. Haka muka faɗa kan wani shiri. Wasu masu kyamara ne suka bi wani kulob na besbol a Amurka tun daga farkon kakar wasa har ƙarshenta, ana nuna kashi ɗaya duk mako. Wasan kansa kaɗan ne a ciki. Abin da suka fi nunawa shi ne bayan fage: ɗakin canza kaya, motar da ke kai su gari-gari, ofishin koci, gidajen 'yan wasan da matansu da 'ya'yansu. A wajenmu duhu da ruwan sama, a cikin akwatin kuwa rana tarwai da ciyawa shar. Ina jin abin da ya fara jawo Kaka ke nan, ta yi kewar rana.

Da farko faɗa ta zo yi. Wane ne ya ba waɗannan mutanen izinin shiga ɗakin maza da kyamara? In aka nuno ƙato ɗaure da tawul, sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, amma tana leƙe ta gefe don kada labari ya wuce ta. Tofar da yawun da suke yi ya hana ta sakat, ga tauna kamar awaki. Ta sa wa wasan suna wasan kulki, kuma ta yanke cewa wanda ke tsugune a bayan mai kulkin horo ake yi masa. Duk abin da aka faɗa sai ta zungure ni da ƙafa ta ce me ya ce. Ni ce tafinta. In na rasa kalma sai in kwatanta da hannu, ita kuma ta ba ni kalmar tare da rankwashi. Hausar nan da kake karantawa, rabinta a gaban wannan shirin na same ta.

Ba a daɗe ba ta san kowa. Ba ta damu da wa ya ci wa aka cinye ba, abin da take kallo shi ne wa ke gaida na gaba da shi, wa ke ci shi kaɗai, matar wa ke da fara'a. Ta raɗa musu sunaye: Mai Gemu, Sarkin Surutu, Ɗan Auta. Amma nata na kanta shi ne Bahago, wani mai jifa da hannun hagu, wanda ya ɗan manyanta a cikinsu. An yi masa aiki a kafaɗa, yana ta fama ya dawo yadda yake a da, hannun kuma ya ƙi. A nuna shi da sassafe shi kaɗai yana atisaye, a nuna shi bayan wasa ya tusa hannu cikin ƙanƙara ya sunkuyar da kai. Kaka ta ce yaron yana da kunya da haƙuri, da gani ɗan mutunci ne. Har addu'a take sa shi a ciki. Na gaya mata an ɗauki shirin tun watannin baya, abin da zai faru ya riga ya faru. Ta ce in rufe mata baki, ni na san lissafin Allah ne?

Duk wannan hidimar Baba na zaune a gefe yana latsa wayarsa. Amma na lura in aka nuno Bahago yakan ajiye wayarsa.

Wata Lahadi, sanyi ya fara sassautawa, aka nuno an kira Bahago ofishin koci. Tun kafin in fassara Kaka ta gane, don ta ga yadda kocin ya kasa haɗa ido da shi. Sun sallame shi. Kyamara ta bi shi yana zuba takalmansa a kwali, abokansa na dafa shi suna wucewa, ta bi shi har cikin motarsa. Kaka sai tsaki take yi, tana cewa ko ina amfanin nuna wa duniya namiji a irin wannan hali. Sai ya kira mahaifiyarsa a waya, muryarta na fitowa kowa na ji. Matar ta kira sunansa. Ta ce tana alfahari da shi, ta ce tun kafin ya san mene ne ƙwallo take ƙaunarsa, ya taho gida ta dafa masa abinci. Na fassara daidai gwargwado, ina haɗawa da hannu.

Kaka ta tambaye ni ko ɗanta ne na fari. Na ce eh, ai an taɓa nuna ƙannensa. Ta ce Turawa dai ba su da kunya, amma ba da irin muryar da ta saba faɗa ba. Baba ya miƙe zai shige ɗaki.

"Ke Baturiya, ce wa ubanki ya zauna," in ji ta, idonta a kan talabijin.

Kafin in buɗe baki ya zauna.

"Ki ce masa na san abin da ake ɓoye mini, ni ba yarinya ba ce. Ki ce masa ni ban haifi likita ba, yaro na haifa. Uwar likita mutanen unguwa ne suka sa mini, ban roƙe su ba. In zai sake jarrabawar ya sake, in ba zai sake ba shi ke nan, ni bai rage mini komai ba. Amma ya riƙa cin abinci, ramar nan tasa tana hana ni barci."

Ni kuwa na riga na saba da aikina. Watanni ina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, don haka na juya wajen Baba na shiga zayyana masa da Turancina na 'yan Birmingham, tiryan-tiryan, har da batun abincin. Mutumin da aka haifa a cikin birnin Kano, yana zaune taku biyu daga bakin mahaifiyarsa, wai ni nake yi masa tafinta. Mama na tsaye a ƙofar kicin da jariri a kafaɗa, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma hana ni ba. Baba ya tsura mini ido yana saurare har na kai ƙarshe.

"Ki ce mata na ji," ya ce. "Ki ce mata na gode."

Na juya na faɗa mata da Hausa. Hawaye ne ke zuba a fuskarsa, ban taɓa ganin haka ba, sai tsoro ya kama ni. Kaka ta juya masa baya gaba ɗaya, ta ja mayafi ta rufe kanta, wannan karon babu leƙe. Can ta fara faɗa wai an bar ruwan wankan jariri yana hucewa, ta tashi ta bar mana falon. A ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ba washegari ya sauko da littattafan ba, sai da aka ɗan kwana biyu, kuma ba wanda ya ce masa komai da ya sauko da su. Shirin kuwa daga ranar Kaka ta daina kallo. Ta ce gidan da ake korar mutum don jikinsa ya gaza, ita ba ta ƙara taka shi. Na yi ta lallashi, don ina son in ga ko kulob ɗin zai ci kofi, ta ce su ci ko kada su ci, su ta shafa.

Ta koma Kano kafin sakamako ya fito. Da ya fito Baba ya ci, Mama ce ta gaya mata ta waya. Ta ce to madalla, sannan ta tambaya ko jariri ya fara zama. Daga baya ƙanwar Baba ta ba mu labari cewa tana ajiye wayar ta sa aka ɗora tukunya, ta raba waina har unguwar da ba tasu ba.

Kaka ta rasu ina jami'a, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Ina kewarta ƙwarai, har tsokanar ma ina kewa. Yanzu ga ni da 'yar fari, ina kiran sunanta daga safe har dare, ina sumbatarta a cikin bas a gaban kowa. Gwaggon mijina in ta gani a waya sai ta riƙe baki ta ce 'ya'yan yanzu ba kunya. Ba zan fasa ba, ina son yarinyar ta ji daga bakina. Sai dai na daina cewa Kaka mai taurin zuciya ce. Ni faɗar ba ta yi mini wuya, ita kuwa sai da ta tsallake abin da aka raine ta a kai tun tana yarinya, kuma ta yi hakan ba tare da ta kalle shi ba.

Kwanakin baya na je Birmingham gaida su Baba. Baba GP ne yanzu, wato likitan unguwa, a wajen Ladywood, furfura ta cika masa kai. Muna shan shayi na tuna masa ranar da na yi masa tafinta, ina dariyar wautata, na tambaye shi me ya hana shi katse ni, tunda ya riga ya ji komai da kunnensa. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Sau ɗaya ta taɓa faɗa mini irin wannan maganar a duniya," ya ce. "Da na ji da Hausa ban yarda kunnena ya ji daidai ba. Shi ya sa na jira ki maimaita."