Ranar da Kawu ba ya cin tuwo

Yau Ashura. Malami a rediyo yana lissafo abubuwan da suka faru a ranar: jirgin Annabi Nuhu ya sauka, Annabi Musa ya ƙetare teku.

Sai Kawu ya ture kwanonsa.

Na ce, "Kawu, cika-ciki ne fa."

Ya ce, "Wasu sun tsira, mu ba mu tsira ba. A rana irin ta yau, zamanin ginin ganuwar Birni, mahaya suka faɗa wa ƙauyenmu wajen Guna. Kakata tana yarinya, ta ɓuya a rumbu. Ƙannenta aka ɗaure, aka yi arewa da su."

Na tambayi sunayensu. Ya buɗe baki, ya daɗe, sai hawaye. Sunayen sun ɓace masa.

Shi kaɗai ya rage da ya san su. Jama'a, wa zan tambaya kuma?